Bishiyar suwit gam: ƙaronta, katakonta, da batun shuka ta a Zariya

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Zariya, maiɗakina kuma tana haɗa turaren wuta. Ƙanena da ke karatu a jihar Jojiya ta Amurka ya turo mini hoton wata bishiya mai ganye kamar tauraro da 'ya'ya masu ƙaya. Ya ce sunanta suwit gam, wai tana fitar da ƙaro mai ƙamshi, kuma ana yin kayan ɗaki da katakonta. Shin ƙaron nata irin namu ne na dakwara? Katakon zai yi aiki a nan? In ya kawo mini iri, zan iya shukawa a gonata?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam kafinta, Allah ya yi wa sana'a albarka, a gaida uwargida. Tambayoyi uku ka ƙunsa a ganye guda: ƙaro, katako, da shuka. In ana son amsa a tsaye, ƙaronta ba dangin na dakwara ba ne ko kusa, na turare ne. Katakonta yana aiki, amma sai a hannun mai haƙuri. Shuka ta a Zariya kuwa ban ba ka shawara ba. Sai dai kusan duk sunan da aka laƙaba wa bishiyar nan yana ɓatar da mai saye, don haka bari in zauna in warware maka.

Masana tsirrai suna kiranta Liquidambar styraciflua. Gidanta gabashi da kudu maso gabashin Amurka, tun daga Konetikat har tsakiyar Filorida, ta yi yamma zuwa gabashin Tekzas. Daga nan sai ta ɓace, ta sake ɓullowa a kan tsaunukan Meziko da Gwatemala da Honduras har Nikaragwa, inda hazo ke kwana a kan daji. A Jojiya inda ƙanenka yake, ta zama kamar darbejiya a wurinmu: bakin titi, bayan gida, gonar da aka bari ta yi saura, ko'ina ka waiga ga ta. Mita 20 zuwa 30 ba komai ba ne a wurinta, a fadamun kogin Misisipi ma akan samu wadda ta haura mita 40, ta miƙe sambal kamar giginya.

Ganyen yana da yatsu 5, wani lokaci 7, kamar ƙaramin ganyen zurma, in ka murje shi kuma sai ƙamshi ya kama maka hannu. Idan sanyi ya ƙarato, wajen Oktoba da Nuwamba, yakan rikiɗe ya koma ja da ruwan goro da shuni kafin ya zube. Tun 1681 wani mai wa'azin Kirista, John Banister, ya aika da ita Ingila aka dasa a lambun fadar bishop na Landan da ke Fulham, kuma saboda wannan launi har yau ake shuka ta don ado a Turai da Ostareliya da Afirka ta Kudu. 'Ya'yan nan masu ƙaya da ka gani, kwanso ne mai tauri wanda bai wuce ƙaramin lemun tsami ba, ƙananan iri masu fiffike suna cikin ramukansa. In sun bushe sukan zubo dubbai. Na taɓa taka ɗaya da asuba ba takalmi, tsidau bai nuna masa komai ba.

Sunan ma abin dubawa ne. Linnaeus, masanin Suwidin da ya tsara sunayen tsirrai, shi ya tabbatar da Liquidambar a 1753, sunan da ya haɗa kalmar Latin mai nufin abu mai ruwa-ruwa da kalmar Larabci anbar. Ambar ɗin da ka sani dai a shagon mai turare. Amma ambar na asali daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku yake fitowa, mai sunan kifin nan da rundunar Abu Ubaida ta samu a bakin teku ta yi kwanaki tana ci, kamar yadda ya zo a hadisi. Ƙamshi kawai ya haɗa su da bishiyar nan. Shi kuwa gam, Turawa sukan kira kusan duk abin da ya tsatso daga itace yana danƙo da wannan suna, daga nan muka aro gam na manne katako da cingam na yara. Suwit ɗin ma ba zaƙin baki ake nufi ba. Na tauna ƙaron, ɗaci-ɗaci gare shi. Daɗin na hanci ne.

Ƙaron da ba ya narkewa a ruwa

Abin da muke kira ƙaro da Hausa gida biyu ne. Akwai na dakwara da dushe, wanda ake tsinta a Borno da Yobe da Jigawa, wanda kuma Sudan ta fi kowa fitarwa a duniya. In ka jefa shi a ruwa ya kwana sai ya narke ƙal. Shi ya sa almajiri ke sa shi a tawada, mai wankin hula ke ƙarfafa hula da shi, kamfanonin lemon kwalba ke saye da tan-tan. Ɗora shi a garwashi, ba abin da za ka ji sai ƙauri. Gida na biyu shi ne na hano da dashi da maje, masu mai da ƙamshi a jikinsu, waɗanda ruwa ba ya cinye su sarai, wuta ce ke fito da sirrinsu. Ƙaron suwit gam ɗan gida na biyu ne. Ruwa ba ya taɓa shi. A kasuwar duniya sunansa storaks ko stiraks, Larabawa kuma suna ce masa mai'a sa'ila, wato mai'a mai kwarara. Idan uwargida tana hulɗa da masu kawo kayan turare daga Saudiyya ko Masar ko Dubai, da wannan sunan za ta tambaya.

Wani abu da ya kamata ka sani shi ne lafiyayyar bishiya ba ta ajiye wannan ƙaro a jikinta. Sai an ji mata rauni sannan sabon itacen da ke tsirowa a bakin raunin ya buɗe ƙananan magudanai ya fara zubo da shi, don ya toshe ƙofar ƙwari da ruɓa. Wannan ya sa ƙanenka zai iya zaga bishiya 50 a unguwarsu bai ga ɗigo ɗaya ba, sai a wadda reshe ya karye ko injin yankan ciyawa ya kankare wa gindi. Kuma itatuwan da ke can arewa inda sanyi ya yi yawa kaɗan suke bayarwa. Zubar kirki sai a ƙasa mai ɗumi.

Saboda haka ƙasashe biyu ne suka riƙe kasuwar, Amurka kuwa ba ta cikinsu. Ta farko Turkiyya, inda 'yar'uwarta Liquidambar orientalis ke tsiro a lardin Mugla, kewayen Koycegiz da Marmaris da Fethiye. Turkawa suna kiran bishiyar sigla. Da bazararsu sukan kankare ɓawo su yi mata rauni a tsaye, su bar ta, sannan su riƙa dawowa lokaci-lokaci har kaka suna karce abin da ya taru da wani ƙarfe mai kamar cokali. Abin da aka karto, ɓawo ne da ƙaro a cakuɗe. Sai a tafasa shi a ruwa, a zuba a buhu, a matse. Ƙaron ya fito da kauri kamar zuma, launinsa toka-toka zuwa ruwan ƙasa. Tukar ɓawon da ta rage ba a zubarwa, ana shanya ta a ƙona a matsayin turaren wuta, sunanta a can buhur, kalmar da ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san bakhur. Dazukan nan sun ƙanƙance ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1940 sun haura hekta 6,000, kafin ƙarshen shekarun 1980 ba su kai 2,000 ba, galibi saboda an sare an mai da wurin gonaki da lambunan lemo. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa mai'a ta gaskiya ba za ta yi arha ba.

Ta biyu Honduras, musamman yankin Olanco, inda bishiyar ita ce dai irin ta Jojiya, sai dai a kan tsauni take. Mutanen Pec, 'yan asalin wurin, suna cikin waɗanda suka gaji sana'ar. Su ba sa tafasawa. Gatari suke sa wa su sare ɗan rami mai gangarawa ciki a jikin babbar bishiya, ƙaron ya riƙa taruwa kamar ruwa a kwarmin dutse, bayan makonni a dawo a kwashe a tace. Nasu ya fi na Turkiyya haske da tsabta, kuma yawancinsa kamfanonin turare na Turai ke saye.

Sana'ar ta tsufa. Bernal Diaz, sojan da ya shiga Meziko tare da Kortes, jagoran mayaƙan Sifen, a 1519, ya rubuta cewa bayan sarkin Aztek, 'yan asalin ƙasar, wato Moktezuma, ya gama cin abinci akan kawo masa wasu bututu masu ado da aka cusa wa taba da ƙaron bishiyar nan, ya zuƙi hayaƙin kaɗan ya yi barci. A shekarun 1570 kuma likitan sarkin Sifen, Francisco Hernandez, ya bayyana bishiyar a cikin binciken da ya yi kan tsirran ƙasar. Su Amurkawa sai yaƙi ya toshe musu hanyar samun na Turkiyya suke tunawa da tasu, kamar yadda aka yi ta tatsar ta a jihar Alabama lokacin yaƙin duniya na biyu. Da hanya ta buɗe suka watsar, don ladan ma'aikaci a can ya fi kuɗin ƙaron.

Ga wani abin mamaki da nakan ba ɗalibai. A 1839 wani mai haɗa magani a Balin ta Jamus, Eduard Simon, ya turara storaks ya tatso wani mai daga cikinsa. Bayan 'yan kwanaki ya tarar man ya daskare da kansa. Man nan shi ne stirin, abin da ya daskare kuma shi ne kakan farar robar nan marar nauyi da ake zuba abincin tafi-da-gidanka, wadda jihar Legas ta hana a farkon 2024. Ta yau daga man fetur ake yin ta, amma sunan daga ƙaron ya samo asali. Na kawo wannan ne don amfanin uwargida: ɗanyen storaks in an buɗe kwalba yakan fara bugun hanci da wani wari kamar na roba ko fenti. Kada ta ce jabu ne saboda wannan. Stirin ɗin ne ke tashi, in ya lafa sai ƙamshi mai kama da kirfa da fure ya biyo baya, ya daɗe bai gushe ba.

Wannan daɗewar ita ce amfaninsa a haɗi. Ba shi ake sa wa gaba ba, aikinsa riƙe sauran ƙamshi kada su gudu da wuri. Kaɗan ake sawa. In ya yi yawa yakan danne sandal da hawi, hayaƙin kuma ya riƙa kama maƙogwaro. Ta fara gwadawa da ɗan abin da bai wuce kan tsinke ba a garwashin da ya lafa, ba mai ci bal-bal ba. A wajen saye ta kula da abu biyu. Baƙin garin da ake sayarwa da sunan stiraks galibi gawayi ne ko garin itace da aka jiƙa da ɗan ƙaron, yana ƙamshi amma ba a biya masa kuɗin tsantsa. Sannan kada a haɗa mata shi da jawi. Luban jawi daga wasu itatuwa dabam yake zuwa, na Sumatara da Lawos, waɗanda sunan danginsu a ilimin tsirrai Styrax ne, abin da ya rikita 'yan kasuwa da yawa. Jawi dunƙule ne mai tauri da ke farfashewa, mai'a kuwa mai danƙo ce tana bin cokali. Batun humra da duk abin da za a shafa a jiki, a nan zan ja mata kunne: storaks yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, shi ya sa ƙungiyar masana'antun turare ta duniya, IFRA, ta ƙayyade yawan da ake sawa, kuma tataccen kawai ta yarda da shi. Ɗanyen ya tsaya a kasko.

Ta fannin magani ba zan yi nisa ba, ni malamin itace ne ba likita ba. Gaskiya ne 'yan asalin Amurka irin su Ceroki sun yi amfani da shi a kan rauni, sun kuma tauna shi kamar cingam. Gaskiya ne yana cikin haɗin tsohon maganin nan Friar's Balsam da ake shaƙar tururinsa don mura. Za ka kuma ci karo da masu cewa 'ya'yan bishiyar maganin mura mai tsanani ne saboda irin yana ɗauke da sinadarin da ake fara haɗa maganin murar nan Tamiflu da shi. Sinadarin yana nan, amma tsakaninsa da ƙwayar magani akwai matakai masu yawa na masana'anta. Mai auduga a gona bai mallaki riga ba tukuna.

Katakon, da abin da ya yi mini

Yanzu mun zo fagenka. In aka yanka gungumen za ka ga launi biyu. Sashen da ke bin ɓawo fari ne mai ɗan ja-ja, kuma yana da faɗi sosai. Zuciyar ita ce ruwan ƙasa mai ja, wani lokaci da baƙaƙen ratsi masu yawo kamar hayaƙi. 'Yan katako a Amurka suna sayar da su kamar itatuwa biyu: farin sap gum, jan red gum. Da aka fara kai jan Turai sai aka raɗa masa satin walnut don a jingina shi da walnut, katako mai tsada da ba su haɗa komai ba. Kama da wane ba ta wane. Ka kuma lura, red gum har ila yau sunan bishiyar turare ce ta Ostareliya, irin wadda aka shuka a dajin Afaka na Kaduna da shingayen tare hamada a Kano da Jigawa. Ita ma ba ruwanta da wannan. In ka ga sunan a takardar kaya, ka nemi sunan Latin.

Busasshensa yana da nauyin kusan kilo 545 a mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Ya fi obece da malaina nauyi, bai kai iroko da maɗaci ba. Fuskarsa lukui ce, ba manyan ramuka, in ka goge shi yakan yi santsi kamar an shafa mai. Yana karɓar gam, yana shan launi daidai wa daida, shi ya sa masana'antu ke rina shi ya fito kamar mahogani ko walnut. A shekarun 1920 da 1930 an yi ƙofofi da adon bango da akwatunan rediyo da shi ba adadi. Har yau yana cikin manyan katakan kasuwa a kudancin Amurka: fallen da ake manna wa fuskar kabad, cikin filawud, ƙashin kujerun kushin, akwatunan kaya, takarda. Wajen 2011 har wata masana'anta aka buɗe a garin Amerikus, can Jojiya, tana feƙe tsinken cin abinci da shi tana aika wa Sin, duk da ba ta yi ƙarko ba.

To ina aibin? Kafin wajen 1900 masu yankan katako sukan tsallake bishiyar nan a daji kamar ba itace ba, kuma suna da hujja. Zaren jikinta ba ya tafiya a miƙe. Na 'yan shekaru ya karkata dama, na bayansu ya karkata hagu, su sarƙe kamar kitso. Ga shi kuma tana tsukewa da yawa. Daga ɗanye zuwa bushewa ƙarƙaf, falankin da aka yanka a kwance yakan rage kashi 10.2 cikin 100 na faɗinsa, wanda aka yanka ta tsakiya zuwa ɓawo kashi 5.3, jimillar girma kuwa kashi 15.8. Na iroko jimillar ba ta kai kashi 9 ba. Haɗa tsukewa mai yawa da zare mai jan gaba da baya, ka san abin da za a haifa.

Ni jiki ne ya gaya mini. Lokacin da nake karatu a kudancin Amurka na sayi ɗanyun falankai 8 a wata ƙaramar ma'aikatar yanka, da arha har ina murna, da niyyar yin kantar littattafai. Na jingina su a bango a tsaye kamar yadda na saba gani a kasuwar katako a gida. Bayan mako 3 na dawo na tarar wani ya yi kwarmi kamar kwami, wani ya murɗe kamar an matse wanki. Biyu kawai na ceta, su ma sai da na yanka su gajeru. Sauran na ce bari in faskara in yi makamashi, gatari ya riƙa nutsewa yana maƙalewa, itacen ya ƙi tsagewa. Gani ga wane ya ishi wane.

Yadda ake yi masa shi ne a kwantar da shi tun ranar da aka yanka, a kan shimfiɗa madaidaiciya, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Tsakanin kowane layi a jera busassun sanduna masu kauri ɗaya, tazararsu kada ta wuce santimita 30 zuwa 40, kowace a kan saitin ta ƙasanta. A shafe kawunan falankan da fenti mai kauri don kada su tsage. A ɗora nauyi a sama, bulo ko ƙarfe, mai yawa. In an yi jinkirin jerawa, farin sashen yakan kama wani shuɗin tabo na fumfuna wanda sanfefa ba ta fitarwa. Sai da aka gane wannan, aka kuma samu ɗakunan busarwa masu sarrafa zafi da laima, sannan katakon ya yi daraja.

Amma ko an busar da shi da kyau a can, iskarmu wata jarrabawa ce. Katako yana shan laima yana fitarwa muddin yana nan. A Zariya da damina ruwan jikinsa zai iya kai kashi 14 cikin 100 ko fiye, da hunturu ya sauko wajen kashi 5. A lissafin wannan itace, falanki mai faɗin inci 12 da aka yanka a kwance zai iya tsukewa da kusan santimita 1 tsakanin Agusta da Fabrairu, ya sake kumbura in ruwa ya dawo. Ka san abin da wannan zai yi wa ƙofar wadrob ko saman tebur da aka ɗaure tam da ƙusa. Don haka in ya shigo hannunka, ka yi aiki da ƙananan faɗi, ka fi son wanda aka yanka ta tsakiya don motsinsa rabi ne, ka bar wa allon ƙofa sarari a cikin firam, ka shafe gaba da baya da man sheƙi ba fuska kaɗai ba. Kada ya je waje, kada ya taɓa ƙasa. Ba ya jure ruɓa, gara kuma ba ta jin kunyarsa. Firam ɗin ƙofa, rufi, benci na tsakar gida, duk ba nasa ba ne.

A gaskiya ma ba a kasuwar katako za ka gamu da shi ba, kuɗin jirgi da na kwastan sun fi ƙarfin darajarsa. Inda zai zo maka shi ne tsofaffin kayan ɗaki na gwanjo daga Amurka da aka kawo gyara, ko katakon da ake ɗora kaya a kai cikin kwantena. Na farkon, ka bar shi ya yi makonni a shago ya saba da iska kafin ka taɓa shi, ka kuma sassauta hannu da sanfefa, don sau da yawa kyakkyawar fuskar falle ce siririya. Na biyun ka duba hatimin da ke jiki. HT yana nufin da zafi aka kashe ƙwarin ciki, MB kuma da iskar guba, wannan kada a yi allon yankan nama ko abin wasan yara da shi.

In ya kawo iri fa?

Wani zai ce ruwan Zariya ya kai milimita 1,000 a shekara, ƙasar bishiyar ma daga 1,000 zuwa 1,500 ne, to me ya rage? Rabon ruwan ne ya bambanta. Nasu yana sauka kusan kowane wata, namu yana zuba cikin wata 5 ya ɗauke, a bar itace da wata 6 ko 7 na rani da iskar hunturu. Ita kuwa 'yar fadama ce, tana son ƙasa mai zurfi mai riƙe danshi, a ƙasa mai kanwa-kanwa ma ganyenta rawaya yake yi. Na biyu, irin Jojiya ya saba da sanyin da ruwa ke daskarewa da kuma rana mai tsawo da gajarta sosai. Ƙwayar irin kanta sai ta yi kamar wata guda a sanyi mai danshi take tsirowa da kyau. Za ka iya tsirar da ita da taimakon firij, ka raine ta da ban ruwa, amma raino ne na marar lafiya. Launin ganyen da ya burge ƙanenka ma sanyin dare ne ke kawo shi.

Wanda ya nace sai ya gwada a Najeriya, hankali ya fi karkata ga irin tsaunukan Honduras da Gwatemala, a kuma kai shi wuri mai tsayi da sanyi kamar Mambila ko Jos. Wannan aikin cibiyar bincike ne, ba na mai gona ɗaya ba. Kana da sa'a tashar binciken dazukan sabana ta FRIN, cibiyar binciken dazuka ta Najeriya, tana nan Samaru kusa da kai, ka leƙa ka yi magana da su. Shigo da iri daga waje kuma sai da izinin hukumar killace kayan gona, NAQS, ba a aljihun jaka ba. Ka ƙara da lissafin lokaci: bishiyar ba ta fara 'ya'ya sosai sai ta shekara 20 zuwa 30, gungumen yanka da ƙaro mai yawa kuma sai manya. A ƙasarta ma masu gida kuka suke da ita, saiwarta tana ɗaga daɓe, tana tsiro daga saiwa inda ba a gayyace ta ba.

Da ni ne da gonar, in katako nake so maɗaci zan sa a gefe, in ina gaggawa in haɗa da malaina. In ƙaron turare ne, hano. Dangi ɗaya yake da itacen lubban na Oman da Somaliya, yana son tudu mai duwatsu, ba ya tsoron rani, kuma reshensa ake yanka a kafa ya kama, shi ya sa ake shinge da shi a ƙauyuka. Uwargida za ta samu abin ɗorawa a kasko shekaru da yawa kafin suwit gam ta yi kaurin cinya.

Ka ce wa ƙanenka ya nemi bishiyar da ta taɓa jin rauni, ya kankaro ɗan busasshen ƙaron da wuƙa. Rabi ya ɗora a garwashi ya ji da hancinsa, rabi ya jefa a kofin ruwa ya kwana. Kai ma ka jefa na dakwara a naka kofin a daren. Da safe ku yi waya, naka ya ɓace, nasa yana nan yadda ya sa shi. In kuma wani katako ya shigo shagonka kana zargin shi ne, ka turo mini hoton kan falankin inda zarto ya ratsa, da na fuskarsa bayan ka kankare fentin. Da hoton fenti kaɗai ba na yanke wa katako hukunci.